Tsakanin Mai Sharhi da Dillali: Littafin Soyayya a Gindin Goron Dutse

Duk wanda ya san Birnin Kano ya san ba a ambaton Dala a bar Goron Dutse, domin kuwa ko a kirarin garin tare ake jero su. Sai dai rabon suna bai zo musu daidai ba. Dutsen Dala shi ne na Barbushe da Tsumburbura, shi ake kai ɗalibai su hau, shi ake zanawa a bangon littattafan tarihi. Goron Dutse kuwa, da yake can yamma a cikin ganuwa, idan aka ambace shi abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne gidan yari, sai kuma babban masallacin marigayi Shaihu Isyaka Rabi'u. Ba kowa ke tuna cewa a lungunan da ke gindin wannan dutse, kamar sauran unguwannin birni, an shafe kusan shekara 30 ana wata hidima ba tare da kuri ba, wato rubuta littattafan soyayya, da karanta su, da ba da su haya, da tafka muhawara a kansu a tsakar gida.

Littafi kamar ɗa yake, yana da haƙƙi a kan duk wanda ya ratsa ta hannunsa. Manya daga cikin haƙƙoƙin nan biyu ne. Na farko shi ne a rubuta yarjejeniya kafin a sayar da shi. Na biyu shi ne a karanta shi kafin a yanke masa hukunci. Tarihin littattafan soyayya na Kano, idan aka dube shi da idon basira, tarihi ne na yadda aka riƙa tauye waɗannan haƙƙoƙi biyu, ɗaya a hannun dillali, ɗaya a bakin mai sharhi, da kuma yadda marubutan suka ci gaba da rubutu duk da haka.

Yadda aka faro

Soyayya ba baƙuwa ba ce a ƙagaggun labaran Hausa. Daga cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933 akwai Jiki Magayi, wanda tushen rikicinsa shi ne attajiri ya raba saurayi da budurwarsa saboda ƙarfin dukiya. A 1980 kuma kamfanin NNPC na Zariya ya fitar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, labarin Bafillatana Boɗaɗo da ta so wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Waɗannan duka sun bi ta hannun hukuma ko kamfani, inda akwai edita mai gyara, akwai alƙalan gasa, akwai kuma takardar da ake sa wa hannu.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya samar da ɗimbin matasa maza da mata da suka iya karatun boko, suna neman abin karantawa da harshensu. Daga baya tattalin arziki ya karye, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma buga littattafan manhaja kawai, waɗanda suka tabbata makarantu za su saya. Masu karatu sun yawaita, masu bugawa sun ja da baya. A wannan giɓi ne matasa suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'o'i da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na sahun farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, waɗanda kan jera sunayen littattafan 'ya'yansu a shafukan ƙarshe, na kasuwa daban, masu nan fitowa daban. Wannan jeri shi ne jaridar talla ta wancan zamani. Da shi mai karatu ke sanin abin da zai jira, da shi kuma dillali ke auna abin da zai zuba wa jari.

Rubutu a littafin makaranta

A cikin waɗanda wannan guguwa ta ɗauka akwai wata baiwar Allah da aka kawo aure gindin Goron Dutse a farkon shekarun 1990, bayan an cire ta daga aji uku na sakandare. Ba ta fita sai da dalili, saboda haka ƙanenta ne ke karɓo mata littattafai daga wani ɗan shagon haya da ke bakin titi, kwana ɗaya ko biyu a mayar. Idan ta gama aikin gida takan karanta a bayyane, matan gidan da na maƙwabta da ba su yi boko ba suna saurare, wata na tankaɗe, wata na tsifar kai. Da ta karanta da yawa, sai ta fara lura da inda marubuci ya yi hanzari da inda ya ja zance babu dalili. Daga nan zuciyarta ta raya mata cewa ita ma tana da labari.

Ta rubuta shi a littattafan aikin makaranta, da dare, a hasken fitilar ƙwai idan an ɗauke wuta. Labarin wata mata ne da mijinta ya tafi ci-rani Ikko, ya yi ta aike shekarar farko, daga baya aike ya yanke, ga 'ya'ya uku, ga tsohon saurayinta ya dawo gari da wadata. Maigidanta ya amince a buga, da sharaɗin kada a sa hotonta. Ƙanenta ya ɗauki littattafan ya nufi kasuwa wajen wani dillalin littattafai. Bayan mako biyu ya dawo da amsa.

"Yaya, Alhaji ya ce labarin ya yi, zai saya. Amma a raba shi kashi uku, a sauya masa suna, a kuma ƙara wa mijin wata hatsabibiyar mata a can Ikko, don ya ce irinsu ke tafiya yanzu."

"To, idan ya ƙare aka sake bugawa fa?"

"Bai yi wannan maganar ba, Yaya. Cewa ya yi zai biya gaba ɗaya, kowa ya huta."

Kuɗin da aka kawo mata sun fi duk abin da ta taɓa riƙewa nata na kanta. Ta sayi keken ɗinki, ta yi wa yara kayan salla. Ba a rubuta komai ba, ba a kira shaida ba, domin a ganinta neman takarda daga dattijon da ya yi mata alheri rashin kunya ne. Littafin ya fito da hoton wata 'yar fim a bango, ya karɓu, aka sake buga shi ba sau ɗaya ba. Wata rana da hantsi ta ji ana karanta shi a rediyo, ba wanda ya nemi izninta. Ba ta san adadin kwafin da aka buga ba, ba ta da hanyar sani, ba ta kuma da abin da za ta nuna wa alƙali ko da ta so zuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda cinikin yake

Adalci ne a dubi ɓangaren dillali, don shi ma ba a kan katifa yake kwance ba. Shi ke sayen takarda, shi ke biyan mai buga rubutu a keken rubutu ko kwamfuta, da mai zanen bango, da mai injin ɗab'i, da masu naɗewa da ɗinkewa. Shi ke ba da kaya bashi ga 'yan sari daga Katsina da Gusau da Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram, ya jira watanni kafin kuɗi su dawo. Idan littafi ya yi kwantai, a shagonsa zai yi ƙura. Raba labari kashi-kashi ma dabara ce ta rage asara: idan kashi na ɗaya ya tafi, sai a zuba kuɗinsa a na biyu, idan bai tafi ba an tsira da saura. Shi ya sa marubutan suka ƙware wajen tsayar da labari a daidai inda ran mai karatu zai rataye.

Hanyoyin cinikin uku ne suka fi yawa. Akwai marubucin da ke buga littafinsa da kuɗinsa, ya rarraba wa masu shaguna, su biya shi bayan sun sayar. Wannan ya riƙe mallakarsa, amma kuɗinsa kan dawo a gutsuttsure, har jarin ya narke a cefane. Akwai wanda ke yin bugun farko da kansa, idan littafin ya karɓu sai dillali ya karɓi ragamar sake bugawa, yana ba shi wani abin da suka yanke a kowane bugu. Wannan ya dogara ne kacokan a kan amanar mai ƙirga kwafi. Akwai kuma sayar da rubutun baki ɗaya, wanda ya fi jan hankalin matan aure da ba sa iya zirga-zirgar kasuwa da bin bashi. Kowace daga cikin ukun tana iya zama ciniki na halal. Illar ita ce galibi da fatar baki ake ƙulla su, a tsaye, a bakin kanta.

A Turai da Amurka, inda kamfanoni irin su Mills & Boon na Ingila, wanda aka kafa a 1908, da Harlequin na Kanada, wanda aka kafa a 1949, suka mayar da littafin soyayya babbar sana'a, al'adar ita ce a ba marubuci wani kafin alƙalami, sannan ya riƙa samun kaso daga kowane kwafi da aka sayar, ana aiko masa da lissafi lokaci-lokaci. Takardar tana fayyace wanda ya mallaki haƙƙin fassara, da na fim, da na karantawa a murya. Akan kuma aika wa masu sharhi kwafi tun kafin littafi ya shiga kasuwa. Ba wai can ba a cutar marubuta ba ne, ana yi. Bambancin shi ne wanda aka cuta yana da abin riƙewa a hannu.

Abin mamaki shi ne, marubucin Kano ba ya buƙatar aro daga Turai don ya nemi takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ma, tun ta 1988 har zuwa sabuwar ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙin mallaka ga wani ba ya inganta sai a rubuce, kuma haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ke nan rubutun da uwa ta yi a littafin makaranta gado ne na 'ya'yanta da jikokinta, kamar gona ko gida. Da yawa sun rabu da wannan gado a kan kuɗin da bai kai ƙarshen shekara ba, don kawai ba wanda ya faɗa musu, kuma kunya ta hana su tambaya.

Masu sharhi

A daidai lokacin da ake wannan ciniki a kasuwa, wani cinikin na baki yana gudana a jaridu. A 1994 Ibrahim Malumfashi ya yi rubutu a jaridar Nasiha inda ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Ingilishi da aka san kasuwar Anaca da su. Sukar da shi da masu irin ra'ayinsa suka yi tana da ƙafafu: gaggawa, da karya ƙa'idojin rubutu, da kwaikwayon finafinan Indiya, da nanata jigo ɗaya alhali al'umma na fama da talauci da jahilci. Ibrahim Sheme ya buɗe shafukan adabi na jaridun da ya yi wa aiki ga ɓangarorin biyu. A ƙarshen shekarun 1990 muhawarar ta yi zafi a jaridar New Nigerian, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya a kan cewa waɗannan littattafai ne suka sa mata da matasa karatu da Hausa fiye da kowane lokaci a baya, kuma suna taɓo auren dole da kishi da saki da ilimin 'ya mace, waɗanda su ne rayuwar masu karanta su. Daga waje, Brian Larkin ya wallafa nazari a 1997 a kan alaƙarsu da finafinan Indiya, Graham Furniss ya tattara ɗimbinsu a makarantar SOAS ta Landan, Novian Whitsitt kuma ya nazarci ayyukan Balaraba Ramat da Bilkisu Funtuwa.

Wannan muhawara alheri ce, domin masu yinta sun buɗe littattafan sun duba. Matsalar tana wajen wani rukunin masu sharhi da ya fi su yawa da ƙarfin murya, wato waɗanda iyakar saninsu da littafin shi ne hoton bango. A wurinsu duk ɗaya ne, batsa ce da lalata tarbiyya. Babu shakka akwai littattafan da suka cancanci tsawatarwa, kuma iyayen da suka damu da abin da 'ya'yansu ke ɓoyewa a ƙarƙashin matashi ba su yi laifi ba. Amma hukuncin jimla ya haɗa mai laifi da mai gaskiya a turmi ɗaya. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2008, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar hukumar tacewa, aka nemi marubuta su yi rajista, a kuma riƙa duba littafi kafin ya shiga kasuwa, abin da ya jawo doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin marubuta.

Gani ya kori ji. Wanda ya zauna ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, zai tarar soyayyar saurayi da budurwa ba ita ce ƙashin bayansa ba. Labarin Rabi ne, matar da Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Littafi ne a kan lissafin rayuwar sakakkiyar mace: kuɗin makaranta, da hayar ɗaki, da mutunci. Wa Zai Auri Jahila? na marubuciyar kuma labarin Abu ne, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu ta nemi ilimi. In Da So Da Ƙauna, wanda aka zarga da koya wa 'yan mata faɗawa rijiya saboda abin da Sumayya ta aikata, tambaya yake yi a kan ko dukiya ce ma'aunin miji. Mai sharhi yana da ikon cewa marubucin bai warware jigon yadda ya dace ba, ko ya zuzuta abin da bai kamata ba. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ce babu jigon, alhali bai buɗe shafin ba.

Sharhin tsakar gida

Ita wannan baiwar Allah ta Goron Dutse ba ta taɓa ganin sunan littafinta a jarida ba, da yabo ko da suka. Abin da ya iso kunnenta shi ne hukuncin jimla, a rediyo da wajen biki, har wata dattijuwa daga dangin mijinta ta taɓa tambayarta ko ita ma tana cikin masu ɓata yaran mutane. Amma ta sami sharhi na gaskiya daga inda ba ta zata ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarta, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta saurari kashi ukun duka daga bakin jikarta, sannan ta aika a kira ta.

"'Yar nan, labarinki ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira. Amma kin yi kuskure wuri ɗaya. Matar da mijinta ya shekara biyu bai aiko ba, ba kuka take fara yi da asuba ba. Buhun hatsi take fara lalubawa ta ji inda ya tsaya. Kukan sai dare, in yara sun yi barci."

"Gaskiya ne, Inna. Ita kuma matar can ta Ikko fa?"

"Wannan ba taki ba ce, liƙa ta aka yi. Duk inda ta shigo sai na ji muryarki ta sauya."

Duk abin da ake koya wa ɗalibi a darasin tarken adabi yana cikin wannan 'yar magana. Tsohuwar ta saurari aikin daga farko har ƙarshe. Ta fara da abin da ya yi kyau. Ta nuna takamaiman wurin da tauraruwar ta saɓa wa rayuwa, ta kawo hujja daga abin da ta sani. Ta kuma gano, ta hanyar salo kaɗai, inda hannun kasuwa ya shiga cikin labarin. Ba ta zagi marubuciyar ba, ba ta kuma yi mata daɗin baki ba. Irin wannan sharhi shi ke gina marubuci, kuma ya wanzu a tsakar gidaje, da shagunan haya inda mai shago ya san littafin da ake layi a kansa da wanda ake dawo da shi tun kafin azahar, da wasiƙun da masu karatu ke aikawa ta adireshin da ke bayan littafi. Abin takaici shi ne kusan duk ya tafi da iska, ba a rubuta shi ba, kamar yadda ba a rubuta yarjejeniyar ba.

Da ta gama littafinta na biyu, ta sa ƙanenta ya koma kasuwa da sharuɗɗa uku a rubuce: adadin kwafin bugun farko, da abin da za ta samu a kowane sabon bugu, da cewa fim da rediyo sai da izninta. Dillali na farko ya ce bai saba da wannan ba. Na biyu ya karanta, ya rage wani abu, ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Kuɗin hannu da ta karɓa bai kai na farko ba, amma littafin ya ci gaba da zama nata.

Da zamani ya juya

Shekaru sun nuna cewa abin da aka raina yana da daraja. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Littattafan da aka ce sun kwaikwayi Indiya, sai ga ɗayansu Indiyawa sun nema sun buga. A 2014 gwamnatin tarayya ta ba Ado Ahmad Gidan Dabino lambar girmamawa ta MON. A 2016 mai ɗaukar hoto Glenna Gordon ta fitar da kundin hotuna a kan marubuta mata na Kano, a shekarar ce kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani. Darasin da ke cikin fassarar Indiya a fili yake: ranar da baƙo zai zo neman haƙƙin fassara, wanda ke riƙe da mallaka shi za a nema.

Wayar hannu kuma ta sauya kasuwar baki ɗaya. Shagunan haya sun ragu ƙwarai, labarai sun koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, ana sakin su shafi-shafi. Marubuciya kan saki somin-taɓi kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki a sa shi a zaure. A zahiri an tsallake dillali, amma tsofaffin matsalolin sun sauya riga ne kawai. Wanda ya biya sau ɗaya yana iya tura labarin wa mutum ɗari. Wani yana iya karanta shi a YouTube ya ci kuɗin talla, marubuciyar ba ta sani ba. Dandalin sayar da littattafai na intanet ma yana da nasa sharuɗɗan da mutane kan amince da su ba tare da sun karanta ba, kuma yakan rufe, kamar yadda OkadaBooks ya rufe a 2023. Sharhi kuwa ya yawaita, amma mafi yawansa ko dai kirari ne na masoya, ko jifa ce ta 'yan adawa. Mai cewa ga inda ya yi kyau, ga inda ya gurgunce, ga dalili, har yanzu ɗan ƙalilan ne.

Kammalawa

Ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa ya sani cewa yaran da zai tarar a aji sun riga shi sanin waɗannan labarai, a takarda ko a waya, kuma a cikinsu akwai mai rubutu a ɓoye a bayan littafin lissafi. Idan ya tsaya a kan cewa duk shirme ne, ba zai hana su karantawa ba, iyaka ya hana su kawo masa abin da suka karanta. Abin da ya fi shi ne ya zaɓi littafi ɗaya mai ma'ana, ya karanta shi tare da su, ya koya musu fitar da jigo, da bin zubi da tsari, da auna taurari da ma'aunin rayuwa, da gane inda marubuci ya karya ƙa'idar rubutu ko ya yi aron da bai dace ba. Yaron da ya iya wannan ba ya buƙatar a ƙona masa littafi, da kansa zai ajiye marar amfani.

Haka nan ya koya wa mai sha'awar rubutu cewa neman takarda ba rashin kunya ba ne, kuma ba zargi ba ne ga wanda ake ciniki da shi, kariya ce ga su biyun. A rubuta suna, da shekara, da adadi, da kaso, da wa'adi, da abin da aka bayar da abin da aka riƙe. A sa shekarar bugu a jikin littafi, a kai kwafi uku Ɗakin Karatu na Ƙasa kamar yadda doka ta tanada, domin da yawa daga littattafan shekarun 1990 sun fito babu kwanan wata, wasu kuma gara ta cinye kwafinsu na ƙarshe a ƙarƙashin gado, har masu su na nema ba su samu ba. Marubutan wancan zamani, na Goron Dutse da na sauran unguwanni, sun sauke nasu nauyin da fitilar ƙwai da littafin makaranta. Nauyin da ya rage yana kan mai saye ya rubuta abin da ya saya, da mai sharhi ya karanta abin da zai yi magana a kai.